SUNA LINZAMI: Sharhi a Kan "Sunayen Zuriya" na Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba fihirisar da ke bayan littafin tarihi, ko jerin marubuta a laburare, ya san yadda ake jera mana sunaye. A ɗauko kalmar ƙarshe a sa ta a gaba, a buga waƙafi, sa'an nan a biyo da sauran. Yanzu kuma ga shafuffukan intanet birjik, masu da'awar za su gaya maka asalin "sunan zuriyarka" da ma'anarsa, har su jero maka mashahuran mutanen da kuka yi tarayya da su a cikinsa. Nufina a wannan maƙala in yi sharhi a kan wannan hanya ta karanta sunayen mutanenmu, domin a ganina tana ɓatar da mai karatu, ga shi kuwa ta riga ta kutsa cikin rubuce-rubucen ɗalibai. Zan kafa hujjata da garuruwa uku na gabashin Jihar Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo, saboda kowannensu ya zama suna a bayan sunan wani, kuma kowanne ta hanyarsa daban.

Bello Nawa Ne?

Mu fara da harafin B. A ƙarƙashin "Bello" za ka tarar da Ahmadu Sardaunan Sakkwato, ka tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a tsakaninsu kuwa, saboda bin harufa, ga wani malami wai shi Andrés Bello. Shi wannan an haife shi a birnin Karakas na ƙasar Benezuwela a 1781, shekarar da aka haifi Muhammadu Bello. Ya wallafa nahawun Sifaniyanci a 1847, kuma shi ne shugaban farko na Jami'ar Cile. Nasa Bellon kalma ce ta Sifaniyanci da Italiyanci mai nufin kyakkyawa, kuma gadonta ya yi daga ubansa kamar yadda ake gadon gona.

Namu Bellon kuwa Fulatanci ne. Masana harshen suna danganta shi da taimako, watau mataimaki, kuma laƙabi ne da aka liƙa wa mutum guda mai suna Muhammadu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai amsa shi ba, haka 'yan'uwan Bello, su Atiku da Buhari da Nana Asma'u. Ɗansa da ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, Aliyu Babba aka san shi da shi. Da sunan ya yi albarka, sai iyaye suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu shi ko'ina. Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, Muhammadu Bello, mutumin Katsina ne. Yahaya Bello da ya yi gwamnan Kogi daga 2016 zuwa 2024 Igbira ne. Akwai kuma gidajen Yarbawa Musulmi masu yawa da suka riƙe Bello ya zama sunan gida. Wanda ya tara duk waɗannan a shafi ɗaya ya ce ga "dangin Bello", ya manta da abin da Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.

Yadda Bahaushe ke Kiran Mutum

Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, liman ya raɗa wa jariri suna guda ɗaya tak, shi ne sunan yanka. Da yake daga sunayen annabawa da sahabbai da waliyyai ake ɗiba, ba wuya ka sami Muhammadu uku a gida ɗaya. Ga kuma alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukinta. Wannan ya sa laƙabi ya zama dole. Akwai na rana, kamar Ɗanjuma da Ladi da Balarabe. Akwai na yanayin haihuwa, kamar Tanko da aka haifa bayan mata, da Gambo mai bin tagwaye. Akwai kuma laƙuban da ke tafiya da sunan yanka, kamar Maitama ga Yusufu, Sanda ga Umaru, Atiku da Garba ga Abubakar. Fulatanci ya ba mu Giɗaɗo, watau abin ƙauna, da Macciɗo, watau bawa.

In ana son bambanta mutum da takwaransa, sai a sa wata 'yar ƙaramar kalma tsakanin sunansa da abin da ake jingina shi gare shi. "Ɗan" ko "'yar" haihuwa suke nunawa. "Na" ko "ta" suna nuna zama ko dangantaka. "Mai" tana nuna mallaka ko iko. Waɗannan kalmomi su ne ke ɗauke da ma'anar, domin su ke gaya maka ko kalmar da ta biyo uba ce, ko gari, ko sarauta.

Asalin mutum kuwa ba a cikin sunansa ake nemansa ba. Ana sanin Batoranke da Basulluɓe da Bagobiri da Ba'adare ta wurin tsagar fuska, da kirari, da wasan taubasantaka irin na Gobirawa da Yarbawa, da bakin dattawa masu riƙe da salsala. Malaman jihadi ma sun kiyaye wannan bambanci. Abdullahi ɗan Fodiyo, a farkon littafinsa Ida'un Nusuhi, ya ambaci kansa da mahaifinsa da kakansa, sa'an nan ya jingina kansa ga Toronkawa ta fuskar nasaba, ga ƙasar Hausa ta fuskar mazauni. Ya raba jini daban, ƙasa daban. Abin da fihirisar yau take cakuɗawa ke nan.

Mai Wurno

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Wajen ƙarshen shekarun 1820 ya gina ribaɗi a Wurno, a gefen gulbin Rima, don tsare iyakar arewa maso gabas daga harin Gobirawa. Can ya fi zama, can ya rasu, can hubbarensa yake. Saboda haka, da kuma girmamawa, mutane suka riƙa ce masa Mai Wurno. Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Ƙanensa Abubakar Atiku da ya gaje shi ya rasu a Katuru a 1842, ana ce masa Mai Katuru. Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, Mai Cimola ake ce masa.

To, daga nan sai laƙabin ya bi sunan. Yaron da aka raɗa wa Muhammadu Bello, sai a sakaya a ce masa Mai Wurno, ko da bai taɓa taka garin ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa sai ya ɗauki laƙabin shugabansu, aka kira shi Mai Wurno, har wani Bature mai suna Mark Duffield ya rubuta littafi a kansa a 1981.

Mai karatu ya dubi wannan tafiya. Gari ya zama laƙabin sarki, laƙabin ya koma kan takwara, takwara ya ɗauke shi ya haye da shi Sudan, ya sāke zama gari. Abin lura kuma shi ne, wannan Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Attahiru ne, ɗan Ahmadu, ɗan Atiku. Watau mutumin da ke ɗauke da Bello da Wurno gaba ɗaya a sunansa, ɗan gidan Atiku ne. Wanda ya san yadda sarautar Sakkwato ta riƙa kewayawa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku ya san wannan ba ƙaramin kuskure ba ne in aka sa shi a gidan da ba nasa ba. Fihirisa kuwa can za ta tura shi.

Ko a zamaninmu Wurno ta ba mu wani misalin. Marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya rasu a 2022, ya riƙe sarautar Sarkin Sudan na Wurno, ya kuma yi jakadancin Nijeriya a Afirka ta Kudu. Sarkin Kwantagora shi ma Sarkin Sudan ake ce masa. In aka cire "na Wurno", an haɗa kujeru biyu ke nan. Shi kansa wanda ya kafa Kwantagora, Umaru Nagwamatse ɗan Atiku, asalin laƙabinsa "na Gwamatse" ne, ribaɗin da ya fara riƙewa. Tasa "na" ɗin ta tsira ne don ta manne da sunan garin, magatakarda bai gane ta ba balle ya yar da ita.

Na Rabah

A gida ɗaya Rabah ta fito sau biyu, kuma bambancin fitowar biyun shi ne zuciyar wannan sharhi. Abubakar ɗan Muhammadu Bello ya riƙe Rabah kafin ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Don a bambanta shi da baffansa Abubakar Atiku Mai Katuru, sai ake ce masa Abubakar na Rabah. Jama'a ne suka ba shi wannan laƙabi, kuma "na" ɗin tana nan daram.

Jikansa Ahmadu ɗan Ibrahim, an haife shi a Rabah a 1910. Da ya shiga makarantar boko har ya kai Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931, sunan da aka san shi da shi Ahmadu Rabah. Ina "na" ta tafi? Rajista ta haɗiye ta. Littafin Bature gurbi biyu gare shi, na suna da na zuriya. Ga yara daga larduna daban-daban sun taru a makarantar kwana, rabinsu Muhammadu ne ko Abubakar, sunayen ubanninsu ma haka, ga nauyin faɗin sunan mahaifi a bainar jama'a. Abin da ya fi sauƙi shi ne a cike gurbin da sunan gari. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Shehu Shagari.

Ahmadu bai tsaya a kan Rabah ba. Ya zama hakimin garin a 1934, ya zama Sardauna a 1938, duniya kuma ta san shi da Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Bellon nan na kakan mahaifinsa ne, Mai Wurno. Ga mutumin da ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, zaɓen wannan suna magana ce babba, domin sunan gari iyakarsa gari, sunan Bello kuwa yana kai mai shi har ga Shehu. Da haka ya buga littafin tarihin rayuwarsa, My Life, a 1962, a shekarar kuma aka buɗe jami'ar Zariya da sunan. Rabah ta koma kan allon titi: gidansa na Kaduna, Gidan Arewa na yanzu, a kan Titin Rabah yake.

Yanzu a kai kalmar Rabah gaban shafin intanet a ga abin da zai jero. Zai kawo Sayyadina Bilal ɗan Rabah, ladanin Manzon Allah, wanda Rabah sunan mahaifinsa ne. Zai kawo Rabe mayaƙin nan da ya ci Barno a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, domin littattafan Faransanci Rabah suke rubuta shi. Zai kawo Rabah Madjer ɗan ƙwallon Aljeriya da ya ci ƙwallo da dunduniya a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1987, wanda Rabah sunansa ne na yanka. Sai ya rufe da cewa kalmar Larabci ce mai nufin riba. Gaskiya ne ga waɗancan ukun. Amma namu gari ne a bakin gulbin Sakkwato, tsofaffin littattafan tarihi ma Raba suke rubuta shi, ga kuma wata Raba can ƙasar Nufe a bakin Kwara, inda Malam Dendo ya zauna.

Goronyo da Zamaninmu

Goronyo kam ta shiga sunaye ne bayan rajista ta riga ta kafu, don haka a nan ake ganin yadda abin yake tafiya yau. Bello Muhammad Goronyo, lauyan da aka naɗa ƙaramin minista a 2023, Bello sunansa ne na kansa, Goronyo garinsu. Musa Sarkin Adar, wanda ya wakilci mazaɓar Goronyo da Gada a Majalisar Wakilai har zuwa 2023, sarauta ce cikakkiya a gurbin zuriyarsa. A maƙwabta, Kabiru Marafa Achida ya taɓa wakiltar Wurno da Rabah, shi kuwa Kabiru Garba Marafa sanata ne daga Zamfara daga 2011 zuwa 2019. Marafa sarauta ce da ake samu a garuruwa da dama na tsohuwar daular, ba ta shaidar zumunci tsakanin masu ɗauke da ita.

Ni kaina Goronyo ce a bayan sunana, alhali ƙauyenmu yana da nasa sunan. Ranar da aka kai mu firamare mu huɗu ne masu suna ɗaya a aji, hedimasta ya raba mana gari da sunan uba da laƙabi yadda ya ga dama, ni Goronyo ta faɗo mini. Wana uwa ɗaya uba ɗaya, sunan mahaifinmu ne a takardunsa. Da muka je cike takardun gadon wata gona, sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu cewa mu 'yan'uwa ne. Irin wannan ba sabon abu ba ne. Bello Kagara mai Ganɗoki da Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, littattafan da suka fito a 1934, wa da ƙane ne, amma laburare ya ajiye ɗaya a harafin K, ɗaya a harafin I. Bambancin kawai shi ne, a da ɗan ruɗani ne na kanta, yau kuwa in sunan da ke lambar shaidar ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar JAMB ko na banki, yaro na iya rasa gurbin karatu, tsoho ya rasa fanshonsa.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Babban gari yana cinye ƙanana. Ɗan ƙauye ya zo birni, ya ga ba wanda ya san ƙauyensu, sai ya ɗauki sunan hedikwatar ƙaramar hukuma. Goronyo an san ta saboda madatsar ruwan da aka gama a 1984, don haka ita ake rubutawa. Ƙauyukan da ke noma albasa da shinkafa a bakin Rima suna ɓacewa daga takarda ɗaya bayan ɗaya.

Hujjar Masu Kare Sunan Gari

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Sunan gari yana kiyaye alkunya. Yana daidaita ɗan hakimi da ɗan maƙeri, domin dukansu suna ɗaya suke amsawa a aji. Yana kuma ɗora wa mutum nauyi, don wanda ke yawo da sunan garinsu a goshi ya san in ya yi abin kunya ba shi kaɗai za a zaga ba. Sa'an nan Ingila kanta ta nan ta bi. Sunayen zuriyarsu daga uba da gari da sana'a da laƙabi suka fito, Smith maƙeri ne, Johnson ɗan John ne, sai da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan 1066 kafin su zama abin gado. Turkiyya da doka ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan zuriya a 1934. Larabawa ma sun jingina malamai ga garuruwansu, kamar Imamu Buhari mutumin Buhara.

Duk na yarda da wannan, kuma ba cewa nake a daina sa sunan gari ba. Amma misalin Buhari ma nawa yake ƙarfafawa. Gari ne a Asiya, ya zama laƙabin malami, ya zo nan ya zama sunan yanka. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari sunan mahaifinsa Adamu. Ƙorafina a kan mai karantawa ne, wanda ke ganin kalmar ƙarshe ya yanke hukuncin jini ce. Ba dole ba ne kuma kowace al'umma ta bi Ingila. Mutanen Aisilan har yau yawancinsu da sunan uba suke amfani, ɗan wane ko 'yar wane, kuma da sunan farko suke jera mutane a littafin tarho.

Waɗanda suka fi cutuwa da kwaikwayon nan mata ne. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, ta zauna da shi a Sakkwato da Wurno, ta rasu a 1864 tana 'yar Shehu, da haka kuma take sa hannu a waƙoƙinta. Yau sai ka ga an ɗaura wa yarinya aure, wata guda ta buga sanarwar sāke suna a jarida, ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na surukinta ko na garin mijinta. Al'adarmu ba ta san wannan ba, aya ta 5 ta Suratul Ahzabi kuma umurni ta yi a jingina 'ya'ya ga ubanninsu.

Kammalawa

Ga 'yan shawarwari ga 'yan'uwana ɗalibai. Na farko, in muna rubutu a kan mutanen da suka rayu kafin rajista, mu bar musu "ɗan" da "na" da "mai" ɗinsu. Abubakar na Rabah ne, kada mu mai da shi "Rabah, A." Na biyu, mu rage salon nan na "Haɗeja ya ce", "Zungur ya ce", "Gusau ya ce". Gari ba ya magana, kuma Gusau ɗin wanne, Malam Yahaya ko Janar Aliyu ko Farfesa Sa'idu Muhammad? A ambaci cikakken suna a karon farko. Na uku, ƙungiyarmu ta roƙi ma'aikatan laburare su riƙa sa ɗan katin nuni daga sunan yanka zuwa inda aka ajiye marubuci. Na huɗu, iyaye su tsai da tsari ɗaya da rubutu ɗaya ga dukan 'ya'yansu tun daga takardar haihuwa.

Na ƙarshe kuma shi ya fi gaggawa. Abin da sunan gari ya rufe yana nan a bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. In an tafi hutu, kowa ya sami kakarsa ko wani dattijon gidansu ya tambaye shi: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wace tsaga ce tamu, su wa ne taubasanmu, me ya sa ake ce wa wane kaza? A rubuta a littafi, da sunan ƙauyen yadda mutanensa ke faɗinsa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.